A Bar wa Inna Bangonta

Zuwa ga Mai girma Kumandan,
Shugaban buron da ke kula da gidajen ma'aikata,
Agadas.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a a wannan shekara da Allah Ya jarrabe mu da ita. Yaya iyali, yaya gajiya, yaya haƙurin rashin ruwa? Allah Ya sa kowa yana lafiya.

Sunana Idi Nomau, malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, yara na ce mini Mushe Idi, yadda ake kiran malami da faransanci. Ina zaune a ɗaya daga cikin gidajen da buronka, wato ofishinka, ya kama haya domin ma'aikata, a bayan tsohuwar kasuwa. Na sha rubuto maka a rufe, ta hanyar da aka saba. Wannan karon na bar takardar a buɗe don kowa ya karanta, ko Allah zai sa wani ya kai maka maganar da baki. Abokan aikina sun ja mini kunne, sun ce lokacin soja ba lokacin dogon baki ba ne. Na ji su, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai abin da ke cikin gidana ya fi ba ni tsoro.

Maganar fentin bango ce. Na san yadda za ta faɗo a kunnenka: dabbobi sun ƙare, mutane na kwance a bakin gari ƙarƙashin tabarmi suna jiran mudun dawa, ga wani malami can yana kukan fenti. Ni ma da wani ne ya rubuta haka da na yi tsaki. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Na farko: gidan.

An turo ni Agadas damina biyu da suka wuce, in har za a kira su damina. Gidan da aka ba ni na laka ne irin na garin nan, bango mai kauri, ɗaki biyu, tsakar gida, da bayi a can kusurwa. Mai shi wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai kai kaya Dirku, can cikin hamada. Kafin gwamnati ta karɓi gidansa haya sai da ya cika sharaɗin buronka, cewa duk gidan da ma'aikaci zai shiga dole a shafe shi da fentin mai ciki da waje. Sai ya sa aka ɗan watsa siminti sama-sama a kan yaɓen laka, aka bi shi da shuɗin fenti, ɗakuna da katangar tsakar gida duka.

Ranar da muka shiga, wallahi ni ma na yi murna. Matata Rakiya ta yi ta shafa bango tana dariya, wai yau mun zama manya. Ni kuwa ina ta hura hanci, ɗan talaka ya samu gida mai ƙyalli.

Da zafin farko ya shigo sai bangon ya fara kumbura wuri-wuri, in ka danna da yatsa ka ji ƙas. Daga nan ya tsattsage, gefen fentin ya naɗe ya yi kaifi, wata farar kanwa ta riƙa fitowa ta ƙarƙashinsa. Kada a ce ruwan sama ne, ina muka gan shi? Ƙasar garin nan ce mai gishiri, kuma laka ba ta riƙe fentin mai. Kowa a Agadas ya san haka. Hasumiyar babban masallaci da laka ake yaɓe ta tun kakanni, ban taɓa jin wanda ya kai mata gwangwanin fenti ba.

Mun ci shuɗi a tuwo, mun sha shi a randa, na tsince shi a cikin takardun yara in ina gyara musu aiki. Rakiya ta koyi tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faifai a kan tukunya. Duk na ɗauke shi abin dariya, har ina ba abokai labari. Da abin ya tsaya nan da ban ɓata maka lokaci ba.

Na biyu: mahaifiyata.

Ni mutumin Damargu ne, daga wani ɗan ƙauye da ba amfani in faɗi sunansa, don yanzu ba kowa a cikinsa. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone, rijiya ta ƙafe, awaki suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ya kwashi iyalinsa ya yi kudu neman abin da za su ci, ya ɗora mahaifiyarmu a kan wani kamyo, babbar motar kaya da ta taso daga Damagaram da jar dawar taimako, ya turo mini ita. Na je tasha na same ta zaune a kan buhu da ƙunshin kayanta a cinya.

Inna makauniya ce, idonta ya rufe tun ina ɗan lakwal. Amma ba ta taɓa zama abin tausayi ba. A gidanta ita ke daka, ita ke ba kaji hatsi, ita ke ɗebo itace a bayan rumbu, ba mai ja mata gora. Hannunta na dama kawai take ɗorawa a bango ta bi shi. Ta san kowane tudu da kowane rami na katangar gidanta, in baƙo ya shigo ba zai ce ba ta gani ba sai ya dube ta da kyau.

Ga abin da nake so ka gane, ranka ya daɗe, domin duk maganar a nan take. Ni ne ɗanta na fari. Ban sani ba ko a ƙasarku haka ake, amma a wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san da zamansa. Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe abin nan da hannu biyu. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kakata ce ta raine ni. In tana son wani abu daga gare ni sai ta kau da fuska ta ce, “A gaya wa mai gidan nan,” ko da daga ni sai ita a ɗaki. Ba ƙi na take yi ba. Ranar da za a kai ni lakwal ita ta soya mini guzuri, ta ba kakata ta miƙa mini kamar daga hannun kaka ya fito. Na sani, ta san na sani, ba wanda ya taɓa tayar da maganar.

Saboda haka Inna ba za ta kama hannuna ba ko gobara ta tashi. Rakiya kuwa matar ɗan fari ce, kunyar ta ninka. A ce surukarta ce za ta ja ta zuwa bayi, ta tsaya a ƙofa tana jiranta? Subhanallahi, ai gara mata ƙasa ta tsage ta shige. 'Yarmu kuma har yanzu a goye take. A duk gidan nan abu ɗaya ne Inna za ta iya dafawa ba tare da ta ji kunya ba, shi ne bango.

Washegarin zuwanta ta tashi da bismillah ta ɗora hannu a bangon ɗaki don ta koyi gidan. Ba ta kai ƙofa ba wani ɓawon fenti ya shige ƙarƙashin farcenta. Ta ɓoye hannun. Sai da yatsan ya kumbura ya tara ruwa, Rakiya ta lura da hagu take cin tuwo, sannan muka kai ta gidan likita aka tsaga. Da ya warke ta sake gwadawa. Wannan karon a tsakar gida ta dafa katanga, wani falle mai faɗin faifai ya ɓalle da siminti da ƙasar da ke bayansa, ta tafi da shi ta faɗi a kan ƙugunta. Ina lakwal. Rakiya ta ce da ta zo ɗaga ta sai ta ture hannunta, ta rarrafa da kanta ta koma ɗaki. Abin da kawai Inna ta ce shi ne, “Wannan wane irin bango ne, kullum da sabuwar fuska?”

Gaskiya ta faɗa. Inda ka dafa jiya ka ji santsi, yau kaifi ne, gobe rami. Mai ido ya kauce, marar ido fa?

Na yi iyakar dabarata. Na kafa ƙusa na ɗaura igiya daga ɗakinta zuwa bayi. Ƙusar ta fito da ɓarin bango, ita kuma da ta taɓa igiyar ta ce a gaya wa mai gidan nan ita ba akuya ba ce. Na sayo sanda mai kyau a kasuwa na jingine kusa da shimfiɗarta. Ta shafa ta tun daga kai har gindi, ta ce ta ji masu sanda suna wucewa ta ƙofar gida kullum da safe suna roƙo, ita ba ta kai nan ba tukuna. Sandar tana nan a bayan ƙofa har yau.

Daga nan sai ta zauna. Ta ja tabarmarta tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango, ta naɗe ƙafa. Don kada ta buƙaci bayi da rana sai ta daina shan ruwa. A Agadas, ranka ya daɗe, cikin bazara! In an kai mata kwanon ruwa sai ta kurɓa kaɗan ta ture. Leɓenta ya tsattsage, ƙafafunta suka kumbura, muryarta ta dushe. Ma'aikacin likita ya dube ta ya ja ni gefe ya ce tsohuwar nan ba ta da wata cuta, amma in ba ta sha ruwa ba kuma ba ta taka ƙafarta ba, kada in sa ran za ta ga sanyi. Na dawo gida na tsuguna a bakin ƙofarta na roƙe ta. Ta juya fuska ga bango kamar iska ce ke magana. Ban taɓa jin na zama banza kamar ranar nan ba.

Na uku: zagayen da na sha.

Abin da ya kamata a yi ba wuya gare shi. A kankare fentin, a sake yaɓe da laka yadda kowa ke yi a garin nan, shi ke nan. Ni da kaina zan yi, ba na neman kowa ya biya.

Na fara da Alhaji. Sai da na yi ta sintiri kafin in same shi ya dawo daga Dirku. Ba mugun mutum ba ne, ya saurare ni, har ya yi wa Inna addu'a. Amma da na ambaci kankarewa sai ya zabura ya riƙe hannuna, ya ce, “Mushe, ka rufa mini asiri. In fentin nan ya fita, gidan ya fita daga hannun gwamnati, ni kuma bana hayar nan ce kawai ke shigo mini.” Ya ce in je buro, in sun yarda shi ma ya yarda.

Na je buronka. Na zauna a kan benci har aka kira azahar, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce sakatare ya tafi rabon dawa. Ran da na same shi, wani saurayi ne mai tsabta, bai ko kai ƙanena ba. Ya ce gyara na mai gida ne, ba na buro ba. Na ce mai gida ya turo ni nan. Ya ce to, amma in sani muddin gidan yana hannun gwamnati, bangon nan dukiyar ƙasa ce, ma'aikacin da ya sa ƙarfe ya kankare shi ya yi ɓarna da gangan. Har ya kira kalmar nan ta faransanci, sabotaj, yana kallon idona. Kai ka san nauyin kalmar nan a bakin mutum a wannan zamani fiye da ni. Na gaya masa halin da Inna ke ciki, sai ya yi murmushi ya ce, “To kai Mushe, ba ka da hannu ne? Ka riƙe ta mana.” Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ga ya riga ya kira na bayana.

Na nemi wani gida in koma da kuɗina. Ina? Garin nan ya cika ya batse, duk wanda farin ya koro daga Ayar da Azawak da Damargu yana nan. Ɗakin da a da ake ɗaure jaki yau iyali guda ne a ciki. In kuma na fita daga gidan gwamnati da ƙafata, an gaya mini ba za a sake ba ni wani ba.

Na je wurin shugaban lakwal ɗinmu in ji ko za a iya mayar da ni kudu. Ya rufe ƙofa ya ce in kama kaina, wanda ya cika kai ƙara ba kudu ake kai shi ba, Dirku ake tura shi. Ka dubi tsohuwar da ba ta iya kai kanta bayi, ka ɗora ta a kan kamyo ta ratsa hamadar Tenere. Na yi masa godiya na fito.

To ka gani. Ba ni da izinin gyarawa, ba ni da inda zan koma, ba ni da inda zan mayar da ita, in na yi magana kuma a jefa ni inda ba za ta kai da rai ba. Na rasa tudun dafawa, sai takarda da na yi ta aiko maka.

Na huɗu: abin da Inna ta yi.

Wannan shi ne abin da abokaina suka ce kada in kuskura in rubuta. Zan rubuta, don ko ban faɗa ba mutanenka za su gani da idonsu.

Wata rana bayan ƙaramar Sallah na dawo daga lakwal da azahar, na leƙa ɗakinta in gaishe ta kamar kullum. Sai na ga ɓawon fenti zube a gindin bango, a sama kuma wani layi ja, ƙasa tsirara, daidai tsayin kafaɗarta, faɗinsa tafin hannu ɗaya. Ya taso daga inda take kwana ya nufi ƙofa. Ita kuwa tana zaune a tsakiyar ɗaki tana jan carbi kamar ba ta san komai ba.

Rakiya ce ta ba ni labari a madafa, tana magana ƙasa-ƙasa. Ashe in na fita, ita kuma ta tafi layin famfo, sai Inna ta rarrafa zuwa bango da wani tsohon cokalin ƙarfe da ta zo da shi daga gida. Ta kankare fenti da simintin har ta taɓo laka, sannan ta tsoma hannu a ruwan shan da aka ajiye mata ta shafe wurin, ta yi ta murzawa da tafin hannu har ya yi sumul. Kaɗan-kaɗan take yi, gwargwadon ƙarfinta. In ta ji motsin ƙofar gida sai ta koma tabarma ta ɓoye cokalin a ƙarƙashin cinya.

Na san doka ta hana. Kalmar sakataren nan tana kunnena. Na tsaya ina kallon layin nan, na ce a raina, Idi, ka je ka hana ta mana in kai namiji ne. Ban je ba. Na ce wa Rakiya ta riƙa ajiye mata kwano biyu, ɗaya na sha ɗaya na bango, kada ta ce mata komai. Ta riƙa share ɓawon tana binnewa a bayan madafa. Ruwan da muke saye wurin 'yan ga-ruwa ba ya isar mu, amma na rage na wankana, ban ji ciwon haka ba ko kaɗan.

Ranka ya daɗe, layin nan ya kai ƙofar ɗaki, ya fita, ya kama katangar tsakar gida. Wata safiya ina ɗaura takalmi zan tafi aiki sai na ji takun ƙafa a bayana, sannu-sannu, da ƙarar hannu yana goga bango. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya za ta koma. Na sunkuyar da kai ina ta ɗaure igiyar takalmin da na riga na ɗaure, hawaye na zuba a kansa. Ta je har inda layin ya tsaya, ta juya, ta koma ɗakinta. Ranar ta shanye kwanonta tas. Da dare ya yi ta ce miyar ba gishiri, wai matan yanzu ba su iya komai ba. Rakiya ta shigo ɗaki tana rawa, ta ce mini, “Mushe, yau Inna ta zage ni, alhamdu lillahi!”

Kumburin ƙafarta ya saɓe. Tana fitowa ta sha hantsi a jikin katanga. Saura kamar kamu ɗaya layin ya kai ƙofar bayi.

Na biyar: amsar da buronka ya ba ni.

Ranar Laraba da ta wuce wata motar soja ta tsaya a ƙofar gidana, aka sauke gwangwanayen fenti a zaure. Wanda ya kawo su ya ce in yi murna, kukana ya kai inda ake so. Ya ce dama ana shirin tarbar manyan baƙi, za a sake shafe duk gidajen ma'aikata, ni kuma da na fi kowa ƙorafi da gidana za a fara, ciki da waje. Ya ce wani jami'i zai zo ya duba bango tukuna, masu shafa su biyo bayansa a mako mai zuwa. Ya miƙo mini hannu yana jiran godiya, na kuwa yi masa godiyar, don bakina ya saba.

Ikon Allah! Na yi ta kuka a cire mini fenti, an amsa mini da ƙarin fenti. Da na yi shiru tun farko da ba wanda ya tuna da gidana. Da hannuna na jawo wa uwata wannan, kuma raina ya ɓaci da buronka, ya fi ɓaci da kaina.

Inna ba ta gani amma hancinta lafiya lau. Da yamma ta tsaya a tsakar gida ta ce wannan warin na mene ne. Rakiya ta fashe da kuka ta gaya mata. Inna ta bi layinta ta koma ɗaki. Da safe muka tarar ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, yadda ta zo da su. Ta kau da fuska ta ce, “A gaya wa mai gidan nan ya nemo mota mai zuwa Damargu. Ko ba rufi, bangona yana nan, ya san ni.”

Ba kowa a ƙauyen nan, ranka ya daɗe. Ba rijiya, ba maƙwabci, ba ko kaza. In na sa ta a mota na kai ta kabari ne da hannuna. In na hana ta, za ta koma tsakiyar ɗaki ta ture kwanon ruwa, kuma wannan karon ba za ta sake tashi ba, na san halinta. Ba ta da ƙarfin sake kankare gidan nan daga farko. Ba zan iya lallashinta ba tunda ba ta amsa mini. Ba zan iya ɗaure ta ba, uwata ce. Tun ranar ba ta sake taɓa bangon ba.

Roƙona.

Ɗaya. A bar layin nan. Tafin hannu ɗaya ne, daga shimfiɗarta zuwa ƙofar bayi, kuma a bar ta ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. A shafe samansa, a shafe ƙasansa, a shafe zaure da ƙofar gida da duk inda idon baƙo zai kai. Manyan baƙi ba za su shiga ɗakin tsohuwa ba, balle hanyar bayinta. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa masu shafa su ɗaga hannu in sun zo wurin.

Biyu. In jami'inka ya ga bangon ya ce an yi ɓarna, a ɗora laifin a kaina. Ni na gani na yi shiru, ni na ba da ruwan. A yanke albashina, a rubuta mini gargaɗi, na yarda. Abu biyu kawai nake roƙo: kada a taɓa hayar Alhaji, don bai san an yi ba, kuma kada a tura ni inda ba zan iya tafiya da ita ba.

Uku. In Allah Ya ba ka sarari, ka zo da kanka. Ba nisa, kowa a bayan tsohuwar kasuwa ya san gidan Mushe Idi. Ka shiga ɗakin ka rufe idonka, ka ɗora hannu a kan shuɗin ka yi taku kaɗan, sannan ka ɗora shi a kan nata layin. Ba sai na ƙara maka bayani ba.

Huɗu. In an samu lokaci bayan wannan masifa ta wuce, a sake duba sharaɗin nan na fentin mai a kan laka. Ba gidana kaɗai ke zuba ba, sauran sun fi ni haƙuri ne ko sun fi ni wayo. Amma wannan na gaba ne, ni na farkon nan nake jira.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci a babba da ƙaramin abu. Allah Ya dafa maka a ɗawainiyar mutanen da ke bakin gari. Allah Ya ba mu damina mai albarka, rijiyoyi su kawo, kowa ya koma gidansa. In mahaifiyarka tana raye Allah Ya bar maka ita da idonta da ƙafarta, in ta riga mu Allah Ya haskaka makwancinta.

Gwangwanayen suna zaure, ƙunshin kayanta yana bakin ƙofar ɗaki. Ta ɗaure komai a ciki, zannuwanta da kwanonta da carbinta na ajiya, amma ba ta sa cokalin ba. Yana nan a gindin katanga inda aikinta ya tsaya, kamu ɗaya kafin ƙofar bayi. Kullum da safe kafin in tafi lakwal sai na leƙa in ga ko yana nan. Yau da safe yana nan. Ran da na duba ban gan shi ba, amsarka ta makara.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idi Nomau,
malamin lakwal, Agadas.